Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dattin Da Ke Kashe Kifi a Tanki

Tsakanin Damagaram da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, amma masu kiwon kifi a tankin siminti ko na roba a Birni, Zango da Sabon Gari suna fama da matsala iri ɗaya da masu ajiye kifin teku da murjani cikin akwatin gilashi a Jamus ko Japan. Matsalar ita ce dattin da ke taruwa cikin ruwan da ba shi da mafita. A tafkin Gidimuni ko na Lasuri, yawan ruwa da ciyayi da laka su ke shanye ƙazantar kifi. A tanki kuwa, duk abin da ka zuba yana nan har sai ka fitar da shi.

Tushen dattin abinci ne. Kifi yana ci, jikinsa ya ɗauki wani ɓangare, saura ya fita a matsayin kashi da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, wanda akasarinsa ke fita ta mashaƙar da ke gefen kansa. Kilo 1 na abincin kifi na buhu yana haifar da kusan giram 30 na wannan sinadari, alhali abin da bai kai miligiram 1 a lita ba na nau'insa mai guba ya isa ya illata kifi. Ga kuma ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe. Amoniya ba ta da launi, don haka ruwa na iya zama garau alhali guba ce tsantsa.

Allah ya yi wa wannan guba magani. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu juya amoniya ta koma nitirit, wasu kuma su juya nitirit ya koma nitirat, wanda illarsa kaɗan ce. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya ware su a 1890. Suna zama ne a jikin bango da tsakuwa da soson matata, kuma sai sun yi sati 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon tanki. Shi ya sa wanda ya gama gini jiya, yau ya juye ɗaruruwan 'ya'yan kifi, yakan wayi gari ya tarar da su sun kifa ciki sama. Haka ma mai goge tanki da omo ko ya wanke matata da ruwan famfo mai kulorin: ma'aikatansa na kyauta ya kashe.

Masu kiwon murjani sun fi kowa sanin wannan, domin murjani dabba ce mai tsada mara juriya. Yana son gishiri giram 35 a kowace lita da ɗumi tsakanin digiri 24 da 27. Nitirat ya ɗan hau, sai gansakuka ta lulluɓe shi. Don haka suna auna ruwa kowane mako, suna canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100, suna kuma da na'ura mai tada kumfa wadda ke kwashe datti tun bai ruɓe ba. Sun kuma lura cewa ruwa ne kaɗai ke ƙafewa, gishiri da datti suna nan. Ke nan ciko tankin da rana ta rage ba canjin ruwa ba ne.

A nan Damagaram abu biyu ke ƙara tsananta lamarin. Na farko zafi: a Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin sosai, ga gubar amoniya tana ƙaruwa da zafi. Na biyu ƙarancin ruwa. Gari ne da ke zaune kan dutse, ruwansa daga Gogo, Macaya, Arunguza da Ganaram ake turo shi, kuma in bazara ta kama sai an bi 'yan ga-ruwa. Dabarar malalar da rabin tanki kullum ba ta mai sayen ruwa da jarka ba ce.

Tarwada ma tana ruɗin mai ita. Da yake tana iya haɗiyar iska daga sama, takan jure ruwan da tuni zai kashe karfasa. Amma jurewa ba lafiya ba ce: ta rage ci, ta daina girma, kuɗin abinci na tafiya a banza. In ka ga kifi sun taru a baki suna haki, ko kumfa ta ƙi bajewa, ko wari ya tashi, ko abinci na yawo ba mai taɓawa, to ruwa ya ɓaci. Ka tsayar da abinci na yini guda, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Rigakafin ba shi da tsada. A ba kifi abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, a kwashe saura. Kada a cunkusa su. A gina ƙasan tanki da ɗan gangare zuwa bututun fitarwa, a riƙa zuƙe baƙin dattin da ya kwanta da tiyo kowace safiya, domin bokiti biyu daga ƙasa sun fi goma daga sama amfani. A yi matata da duro cike da tsakuwa, a wanke ta da ruwan tankin kansa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe. A yi wa tanki rumfar zana.

Ruwan da aka fitar kuma kada a malalar da shi a lungu ya tara sauro. Nitirat ɗin da ke cikinsa taki ne. A kai shi gindin zogale, tumatir ko salak. Mai shirin fara kiwo ya tanadi wannan ɗan lambu da matatarsa kafin ya sayi ɗan kifi ko guda.