Sahihancin Tarihin Baka a Binciken Masu Zubin Tukwanen Ƙarfe na Da a Amurka

Manufar wannan maƙala ita ce duba matsayin bayanin baka a matsayin hujja, ta yin la'akari da binciken kamfanonin da suka yi zubin tukwane da kasaken ƙarfe a Amurka. Fagen ya yi nesa da nazarin harshe, amma yana da wani abu da mu masu tattara bayanai daga bakin dattawa ba mu cika samu ba, wato shaidar da za a riƙe a hannu a gwada ruwaya da ita.

Fitattun kamfanonin su ne Griswold, wanda tushensa ya faro a garin Erie a 1865, da Wagner na garin Sidney a jihar Ohio (1891), da kuma Lodge na jihar Tennessee (1896). Masu ba da labarinsu iri biyu ne: magadan da suka sami kasko daga kakanni, da tsofaffin ma'aikata.

Tun a littafinsa na 1985, Jan Vansina ya bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya gada daga bakin magabata. Labarin magada yana cikin kashi na biyu, kuma rauninsa na farko shi ne lokaci. A kan ji an ce kakar kaka ce ta yi girki da wani kasko tun kafin yaƙin basasar Amurka na 1861, alhali sunan Wagner na kwance a gindinsa, kamfanin da bai zo duniya ba sai bayan shekara 30. Ba ƙarya mai ruwayar ya yi ba. Zuriya biyu ko uku ne suka dunƙule suka zama ɗaya a ƙwaƙwalwar gidan, kamar yadda David Henige ya nuna a 1974 game da jerin sarakuna. Wanda ya taɓa bin salsalar wata sarauta ya san wannan matsala.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa tambarin da ke jikin ƙarfe ba ya ruɗi. A 1991, don bikin cika shekara 100, aka fara fitar da kasake masu ɗauke da sunan Wagner da shekarar 1891 a jikinsu, mutane da yawa kuwa suka ɗauka shekarar ƙira ke nan. Har ila yau, bayan rufe masana'antar Erie a 1957, an ci gaba da zuba kaya da sunan Griswold a Sidney, garin abokin hamayyarsa. Bugu da ƙari, ƙananan kamfanoni irin su Wapak sukan yi amfani da kaskon wani su fitar da mazubi a cikin yashi, shi ya sa ake ganin inuwar kalmar ERIE a gindin kayan da ba su taɓa zuwa Erie ba. Shi kuwa Lodge ya shafe shekaru da dama a tsakiyar ƙarni na 20 ba ya sa sunansa ko kaɗan.

A nan ne bakin ma'aikaci yake da daraja. Yadda ake danne yashi, da yadda ake toshe tsohon suna a jikin samfuri, da wanda ake yi wa kayan da ba su da tambari, abubuwa ne da littafin farashin kamfani bai damu da su ba. Mutum ba ya manta aikin da hannunsa ya maimaita shekara da shekaru, ko da ya manta shekarar da ya fara shi.

Haɗarin da ya fi wuyar ganewa, a ganina, shi ne komawar rubutu cikin baka. Tun da littattafan masu tara kayan da suka yawaita, daga baya kuma intanet ta zo, sai magaji ya karanta tarihin Griswold, ya haɗa da na kakarsa, ya mayar wa mai bincike a matsayin abin da ya ji a gida. Bakuna goma za su iya haɗuwa a kan magana guda alhali littafi ɗaya ne mafarinsu. Don haka wajibi ne, kafin a rubuta abin da mai ruwaya ya faɗa, a tambaye shi daga wa ya ji, yaushe ya ji, kuma ko ya taɓa ganin maganar a rubuce.