H Ko X: Gardamar Mahaɗar Salansa A Ƙasar Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar motar Amurka irin su Ford Mustang ko Chevrolet Camaro a lokacin da aka tayar da ita, ya san kukanta daban yake da na sauran motoci. Rugugi ne mai kauri, yana tashi yana sauka kamar kiɗan tambari. To a ƙasar Amurka, inda ƙaunar inji mai silinda takwas ta zama gado tun daga shekarar 1932 da kamfanin Ford ya fito da shi a kan farashin da talaka zai iya saye, akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a garejoji a kan wani ɗan guntun bututu da ke ƙarƙashin mota. Shi ne mahaɗar da ke sada salansar dama da ta hagu. Waɗansu sun ce a yi ta kamar harafin H, waɗansu kuwa sun rantse sai mai siffar X.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai maganar 'yan gayu ce. Amma mutumin da ya zuba kuɗinsa aka yanke masa salansa aka sake walda, sa'an nan ya tarar motar ta hana shi jin maganar iyalinsa a kan hanya, ko kuma hukuma ta kama shi, shi ne zai gaya maka cewa al'amarin ya wuce ado.

ASALIN MATSALAR

Kafin a fahimci amfanin mahaɗar, sai an san abin da ke faruwa a cikin injin. Inji mai silinda takwas, watau V8, jeri biyu gare shi, huɗu a dama, huɗu a hagu, kowane jeri da bututun hayaƙinsa. Karanshaf yakan juya sau biyu, watau digiri 720, kafin dukan silindoji takwas su kama wuta, saboda haka ana samun bugu ɗaya a kowane digiri 90.

Injunan farko na wannan iri suna da jijjiga ƙwarai. A shekarar 1923 kamfanin Cadillac ya fito da wani sabon karanshaf mai hannuwa a gicciye, wanda ya kashe jijjigar, kuma shi ne akasarin motocin Amurka suka bi. Sai dai gyaran ya zo da nasa cikas, domin wutar ba ta bin dama da hagu ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955. Wutarsa tana bin wannan tsari: 1-8-4-3-6-5-7-2. Silindoji 1, 3, 5 da 7 suna hagu, 2, 4, 6 da 8 suna dama. Da ka duba sai ka ga 8 da 4 sun buga a jere a gefe guda, haka nan 5 da 7 a ɗaya gefen. Ke nan a wani lokaci hayaƙi ya cunkushe a bututu ɗaya, alhali ɗan'uwansa yana zaune babu aiki. Wannan rashin daidaito shi ne asalin rugugin da mutane ke so, kuma shi ne ke danne numfashin injin.

Masu tsere sun yi maganin abin ta hanya mai tsada. Motar Ford GT40, wadda ta ci tseren Le Mans na ƙasar Faransa shekara huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969, an nannaɗe mata bututu ana ƙetarawa daga wannan jeri zuwa wancan, har ana kiransu damin macizai. Motar da ake zuwa aiki da ita ba ta da filin wannan, don haka aka koma ga dabara mai sauƙi, watau a haɗa bututun biyu a wuri guda a ƙarƙashin mota.

YADDA KOWACE KE AIKI

Mahaɗar H ita ce tsohuwar hanya. Bututu biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai a gitta musu wani gajere a tsakani. Kamar ɗakuna biyu ne da aka buɗe musu ƙofa: idan wannan ya cika, sai matsin ya huce ta cikin wancan. Akasarin hayaƙin yana nan a kan hanyarsa, matsin iska kawai ake daidaitawa. Sakamakon haka rugugin yana nan da kaurinsa, sai dai ya yi laushi, kuma masu ita sukan yabe ta da ƙarfin ja a lokacin da mota ke tashi daga tsaye. Irin wannan mahaɗa ce Mustang mai lita 5.0 ta ƙarshen shekarun 1980 ta fito da ita daga kamfani.

Mahaɗar X kuwa lanƙwaso bututun biyu ake yi su haɗe gaba ɗaya, sa'an nan su sake rabuwa. Duk bugun hayaƙin da ya iso mahaɗar yana da hanya biyu a gabansa, kuma idan ya wuce da gudu yakan bar wani gurbi a bayansa da ke janyo hayaƙin ɗaya ɓangaren, kamar yadda tirela mai gudu ke jan ƙura da takardu a bayanta. Wannan ja yana taimakon silinda ta zubar da ƙonannen hayaƙi, ta sami wurin shaƙar sabon mai da iska. Amfaninsa ya fi fitowa idan injin yana juyi da sauri ƙwarai. Muryar ma takan sake, ta zama siririya mai kaifi, ta kusanci kukan motocin tseren Turai.

A fagen tseren NASCAR ne X ta yi suna. Direba Sterling Marlin ya ci tseren Daytona 500 a 1994 da kuma 1995, kuma a wannan zamani 'yan kallo suka lura motarsa tana wani kuka dabam da na sauran, saboda irin wannan mahaɗa. Daga nan 'yan kasuwa suka shiga ƙera ta domin motocin titi.

ABIN DA YA SHAFI MOTAR TITI

A nan ne ya kamata mai mota ya yi wa kansa adalci. Motar tsere takan yini injinta na kururuwa, ita kuwa motar titi akasarin rayuwarta tana tsakanin juyi 1,500 zuwa 3,000 ne a minti, a bakin danja ko a cikin cunkoso. A wannan matsayi, bambancin ƙarfin da ke tsakanin H da X kaɗan ne, na'urar awon inji ce ke iya nuna shi, da wuya direba ya ji shi a jikinsa. Kowace daga cikinsu ta fi a bar bututun biyu a rabe. Saboda haka wanda aka yi wa alkawarin motarsa za ta zama wata aba dabam don an sa mata X, to ya riƙe kuɗinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da zai zauna da mai mota kullum shi ne sauti. Akwai wani gunji da kan cika cikin mota idan ana tafiya a miƙe a babbar hanya, injin na wajen juyi 2,000, wanda kan sa ciwon kai a doguwar tafiya. Mahaɗa takan rage shi ko ta sauya wurin da yake fitowa, amma tukunyar salansa da kaurin bututu su ne suka fi iko da shi. Inci biyu da rabi ya ishi akasarin motocin titi. Wanda ya sa inci uku a kan injin da ba a taɓa ba, sai hayaƙin ya rage gudu a ciki, ƙara ta ƙaru, ƙarfin tashi ya ragu. Dabara ita ce mutum ya nemi mota irin tasa mai H da wata mai X, ya shiga ciki a yi tafiya da shi, kada ya tsaya ga jin kukanta daga waje.

Sai kuma maganar fili. X tana bukatar wuri a tsakiyar mota, daidai inda giyabos da farfela suke, kuma idan ba a ɗaga ta sosai ba sai ta riƙa gugar ƙasa a kan tudun rage gudu. H ta fi sauƙin shiga, ta fi araha, kuma idan an yi mata mahaɗin kusoshi ba sai an yanka ba ranar da za a sauke giyabos. Tsofaffin makanikai a Amurka suna da wata al'ada ta shafa fenti a jikin bututu, a zaga da mota, inda fentin ya ƙone nan za su sa mahaɗar. A aikace dai inda fili ya samu kusa da inji nan ake sa ta.

DOKA DA LAFIYA

Tun daga motocin 1975 akasarin sababbin motoci a Amurka suke ɗauke da tukunyar tace hayaƙi, bisa dokar tsabtace iska ta 1970, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya haramta wa ko da mai motar kansa ya cire ta. Mahaɗar da aka ƙera don ta maye gurbin wannan tukunya ta filin tsere ce kaɗai. Jihar Kalifoniya kuma ta ƙayyade ƙarar ƙananan motoci a kan desibel 95.

Mu a nan Nijeriya, darasin ya shafi masu manyan motoci masu fulogi takwas da ke da salansa biyu. Akasarin motoci masu fulogi huɗu jeri ɗaya gare su, babu abin da za a haɗa da wani, kada wani mai walda ya ruɗe ka. Wanda kuma zai yi aikin, ya tsaya a kan ingancin waldar, domin iskar da ke yoyo daga salansa tana da guba marar wari wadda ke kisa idan ta taru a cikin mota an rufe gilashi.

A taƙaice, mai son rugugin gargajiya da sauƙin aiki ya ɗauki H. Wanda ya gyara injinsa, yana kai shi ƙarshen juyi, kuma kukan mai kaifi ya yi masa, ya ɗauki X. Ko wace aka ɗauka, a tuna akwai maƙwabta masu barci da asuba. Allah Ya kiyaye hanya, amin.