Ko ka sani? Akwai jirgi maras matuƙi da ke harba mashinga yana tsaye a iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar Sarkin Zazzau ranar hawan Sallah ya ga yadda bindiga ke yi wa mai ita. Ƙato ne zai kafa ƙafa, ya danna kunama, ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, shi kuwa sai ka ga kafaɗarsa ta yi baya. Kowace bindiga tana tokarin mai harba ta. To mutum yana da ƙasar takawa. Ina ga abin da ke reto a sama, babu inda ya dafa?

Wannan matsalar ce wani kamfanin Turkiyya mai suna Asisguard, a Ankara, ya warware da jirginsa Songar, wanda sojojin ƙasar suka fara karɓa a 2020. Farfela takwas gare shi, kuma a ƙarƙashin cikinsa an rataya mashinga mai ɗaukar harsashi 200. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɗaure bindigar kam a jikin jirgin ba. An ɗora ta ne a kan hannuwan ƙarfe masu motsi, waɗanda ke shanye tokarin kowane harsashi su mayar da bakin bindigar inda yake. A lokaci guda kyamara da na'urar auna nisa suna lissafin tazara da ƙarfin iska, farfelu kuma suna ta gyara tsayuwa, wannan ta ƙara gudu, waccan ta rage, duk kafin ƙiftawar ido. Kamfanin ya ce daga nisan mita 200 jirgin na iya zuba harsasai cikin fili mai faɗin santimita 15. Mita 200 fa, daga abin da iska ke kaɗawa! Mai sarrafa shi kuwa yana iya kasancewa nesa da kilomita goma, idonsa a kan allo.

Mu a Kaduna jirgi maras matuƙi ba baƙo ba ne. Masu hoto na tashin ƙanana a gidajen biki nan Badarawa, yara na bin su da ihu. A garin nan aka ƙaddamar da jirgin Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018, dukansu na sojan sama, na leƙen asiri. Sai dai Songar na kisa ne, kuma a 2022, zamanin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, rundunar 'yan sandan Najeriya ta sanar da cewa ta mallake shi.

A nan murnata ke gaurayewa da fargaba. Iya saiti daban, sanin wanda ake saitawa daban. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa maras matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Waɗanda suka tsira sun ce mutane na tsakiyar kwasar 'yan'uwansu aka sake sako na biyu. Hukumar NEMA ta ƙirga gawa aƙalla 85, yawanci mata da yara. Na'urar ta sami inda aka nuna mata. Wanda ke kallon allo ne ya ga taron zikiri ya ɗauka 'yan bindiga ne. Soja kenan, da ke aikin daji. Ɗan sanda kuwa cikin unguwa yake aiki, a kasuwa, a wurin zanga-zanga, kuma aikinsa ya kama mutum ya kai shi gaban alƙali. Jirgi ba ya kamu, ba ya jin "ranka ya daɗe, tsaya ka ji".

Wasu ƙasashen sun riga mu shiga wannan muhawara. A Fabrairun 2024 'yan sandan jihar Haryana a Indiya sun yi ta sako barkonon tsohuwa daga jirage marasa matuƙi kan manoma masu zanga-zanga. A San Francisco ta Amurka, majalisar birni ta amince wa 'yan sanda da mutum-mutumi mai kisa a ƙarshen Nuwamban 2022, jama'a suka yi ca, mako guda ta janye. Ina so 'yan majalisarmu na Kaduna da ke Abuja su kira shugabannin 'yan sanda a zaman da kowa zai ji, su tambaye su wane jami'i ne ke da ikon cewa a harba, a wane irin wuri aka hana tashin jirgin da harsashi, kuma wa ke ajiye bidiyon idan kotu ta nema.