Jiki Magayi: Horar da Dabbobin Dawa Su Ƙaurace wa Gonaki



Duk manomin da ke ƙasar Yankwashi, ko Kazaure, ko Babura, ko Roni da Gwiwa, ya san cewa wahalar damina ba ta ƙarewa da noman farko ko maimai. Da zarar gero ya yi ido, gyaɗa ta nuna, sai a shiga gadi, domin tsuntsu da biri ba su san gumin mai gona ba. Tambayarmu a yau ita ce: shin ana iya koya wa dabbar dawa ta ƙaurace wa gona ba tare da an kashe ta ba?

Wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya bayyana tushen amsar a littafinsa na 1938. Ya sanya ɓera a cikin akwati mai ɗan ƙarfe, wanda in an danna shi abinci zai faɗo. Ba da jimawa ba ɓeran ya koyi dannawa. Ma'ana, dabba takan maimaita aikin da ya haifar mata da daɗi, ta bar wanda ya jawo mata wuya. Wannan shi ne horo ta hanyar sakamako.

Saboda haka birin da ya shiga gona ya ƙoshi, gonar ce ta ba shi lada. Mutum-mutumi kuwa yakan firgita shi kwana biyu kurum, daga nan sai ya gane tsumma ne, tunda babu wani ciwo da ya biyo baya.

Sharuɗɗan horon uku ne. Na farko, wuyar ta zo nan take, yayin da dabbar ke bakin gona. Na biyu, ta zo kowane lokaci, domin binciken Skinner ya nuna cewa ladan da ake samu jefi-jefi shi ya fi wuyar bari. Na uku, a haɗa ƙarar gwangwani da jifan majajjawa, har ƙarar kaɗai ta zama gargaɗi.

A Kenya, Lucy King ta nuna a 2007 cewa giwaye na gudun kukan zuma. Daga nan aka soma kewaye gonaki da amya a kan waya, yadda giwa na taɓawa zuma za ta taso. Wannan darasi ne ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Yankari.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Ta fi dacewa da garken birai mai mazauni guda. Jan-baki kuwa baƙi ne masu ƙaura, ka hori na yau, gobe wasu su sauka.

A ƙarshe, ina kira ga malaman gona da su haɗa kan maƙwabta wajen gadi, domin gona guda da aka bari sake takan rushe horon unguwa duka. Allah Ya ba mu damina mai albarka.