Abin Hawan Mai Nakasa a Hannun Mai Kula da Shi: Ina Inshora Ta Tsaya?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Yau za mu karkata akala zuwa ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, mu duba wani al'amari da ake yi kullum a gidaje da tashoshi amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba. Gwamnati ko ɗan siyasa ko wata ƙungiyar agaji ta bai wa mai buƙata ta musamman Keke Napep, ko babur mai ƙafa uku, ko ƙaramar mota, domin ya samu sauƙin zirga-zirga. Shi kuma sau da yawa ba shi ke tuƙi ba. Ƙaninsa ne, ko ɗansa, ko ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ne dai mai ɗaga shi da kwantar da shi, mai kai shi asibiti da masallaci. Idan an dawo da mai abin gida, sai yaron ya fita neman na cefane da shi: ya ɗauki fasinja daga Hunkuyi zuwa Zariya, ko ya yi lodin rake zuwa kasuwar Makarfi, ko kwandunan tumatir daga ƙauyukan Ikara. Matsayin wannan shiri shi ne, wannan aiki halal ne kuma ya dace, amma da sharaɗin takardar inshora ta san da shi, kuma a rubuta yarjejeniya tsakanin mutanen biyu.

Mu fara da abin da doka ta ce. Tun shekarar 1945 Najeriya ke da dokar da ta wajabta wa duk abin hawan da zai hau titi ya mallaki inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wato mutumin da aka buge, daga baya kuma aka haɗa da mai motar da aka lotsa, ko mai shagon da aka rushe wa katanga. Hukumar da ke kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sauya farashi daga ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, kuma abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke mai ƙafa uku naira 5,000 ne, da iyakar biyan miliyan 2, babur kuma naira 3,000, da iyakar miliyan 1. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara matsa lamba a kan wannan takarda a faɗin ƙasar nan. Abin lura a nan shi ne yadda aka raba farashin gida-gida. Kamfani yana karɓar kuɗi ne gwargwadon haɗarin da aka gaya masa. Motar da ke fita sau biyu a mako zuwa asibitin Shika ba ɗaya take da motar da ke wuni tana jigila tsakanin Tashar Yari da Kwangila ba, ko da kuwa iri ɗaya ne, shekararsu ɗaya.

Duk wanda ya buɗe takardar inshorarsa ya karanta, ko ya sa aka karanta masa, zai ga wurare biyu da suka fi komai muhimmanci. Na farko ya faɗi waɗanda aka yarda su tuƙa abin hawan, galibi mai shi da duk wanda ya ba izini, muddin yana da lasin tuƙi mai aiki. Na biyu ya faɗi irin aikin da aka yarda a yi da shi. Inshorar motar gida ta ƙunshi hidimar iyali da ziyara da harkar mai motar kansa, kuma a bayyane take cire ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi. To, idan aka yanki takardar gida saboda ta fi araha, alhali motar haya take yi, ranar da tsautsayi ya faɗa kamfani na da hujjar cewa ba wannan aikin aka yi yarjejeniya a kansa ba. Haka nan idan yaron da ke tuƙin ba shi da lasin. Kuma sunan wa ke jikin takardun mota? Sunan mai nakasar. Shi za a nema a ofishin 'yan sanda, abin hawansa ne za a tsare, shi iyalan wanda aka buge za su zo ƙofar gidansa. Wanda aka yi kyautar domin a sauƙaƙa masa rayuwa shi ne zai kwana da bashi, ga kuma rashin abin zuwa asibiti.

(Ɗan kiɗa)

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A Birtaniya akwai wani tsari mai suna Motability, wanda aka kafa a 1977, inda mai nakasa ke miƙa kuɗin tallafin zirga-zirgar da gwamnati ke ba shi, a ba shi hayar mota, yawanci ta shekara 3, da inshora da gyara duk a ciki. Sun san da yawa daga masu karɓar motar ba sa tuƙi, don haka suka yarda a rubuta sunayen direbobi har uku. Ƙa'idarsu guda ce: a yi amfani da motar don amfanin mai nakasar. Ba dole sai yana ciki ba, mai kula da shi na iya zuwa yi masa cefane ko karɓo masa magani. Amma an hana mai da ita tasi ko motar raba kaya. Mu a nan ba za mu iya kwafar wannan hani ba, domin su can gwamnati na biyan mai nakasa kuɗi a kai a kai, mu kuwa sau da yawa keken shi ne jarin gidan gaba ɗaya, da shi ake sayen masara da maganin. Abin koyi a tsarin nasu shi ne rubutawa: wane ne direba, wane aiki aka yarda, wa zai amfana. Najeriya na da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Hakkin da waɗannan dokoki ke magana a kai ba zai tabbata ba idan ana miƙa makulli a gaban kyamara ba tare da an faɗi wa zai tuƙa ba, da kuma a wane irin inshora.

Mai sauraro na iya cewa, ai talauci ne, wanda ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin takarda? Mu yi lissafi. Naira 5,000 a shekara ga keke, idan aka raba ta kwana 365, ba ta kai naira 14 a rana ba. Direban da ke kawo balas kullum ba zai rasa wannan ba, kuma gyaran ƙofar mota guda a garejin Zariya ya ninka shi sau da yawa. Wani kuma zai ce, kamfanonin nan ba sa biya. Wannan ƙorafi yana da tushe, amma babban ɓangarensa ya samo asali ne daga takardun bogi da 'yan tsakani ke haɗa wa mutane a bakin ofisoshin lasin, waɗanda babu wani kamfani a bayansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake sa lambar mota a ga ko takardar ta gaskiya ce, kuma NAICOM na karɓar ƙarar wanda kamfani ya ƙi biya. Sai dai a sani, wannan inshora mai araha ba ta gyara abin hawan mai shi, wanda aka yi wa ɓarna kawai take biya. Mai son a gyara masa nasa sai ya yanki cikakkiya, wadda farashinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. A kuma tambayi kamfani baki da baki ko fasinjan da ke ciki ya shiga lissafi.

Akwai masu cewa inshora ba ta halatta ba, saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Malamai da dama sun yi wannan magana, kuma ba abin rainawa ba ce. Amsarta ita ce takaful, tsarin da mahalarta ke zuba kuɗi a asusu guda da niyyar taimakon juna, a biya wanda asara ta samu, a raba rarar da ta saura. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna da lasisin yin sa, har da na ababen hawa. Uzurin addini ya faɗi ke nan. Hasali ma fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu ya riga kamfanonin inshora faɗin wannan ƙa'ida: wanda aka ara wa dabba don ya je wuri kaza, ya zarce da ita wani wuri ko ya ɗora mata kayan da ba a yi da shi ba, idan ta halaka shi zai biya, domin ya ƙetare iyakar izinin da aka ba shi.

Uzuri na ƙarshe shi ne mafi nauyi a wurin Bahaushe: yaya zan ce wa ɗan cikina ko ƙanina mu yi rubutu, kamar ban yarda da shi ba? Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. A nan ƙarfin ba ɗaya ba ne: mai nakasa ya dogara da mai kula da shi wajen wanka da abinci, don haka da wuya ya iya buɗe baki ya ce yau ba za a fita da keken ba, ina da ganin likita. Takarda ce ke faɗa a madadinsa. Ita ce kuma ke kare mai kulawar, wanda ya bar nasa neman ya tsaya a kan ɗan'uwansa, daga zargin dangi cewa yana cin dukiyar gurgu. Shafi ɗaya ya isa, a gaban mai unguwa ko liman ko shugaban ƙungiyar masu nakasa ta yankin: ranakun da abin hawan ke hidimar mai shi, ranakun haya, nawa ne balas, wa ke sayen mai, wa ke gyara, wa ke sabunta takardu, da sharaɗin kada a miƙa wa wani direba na uku.

Saboda haka, kiranmu ga masu rabon kekuna da motoci, daga majalisun ƙananan hukumomin nan uku har 'yan majalisa da ƙungiyoyi, shi ne su tambayi kowane mai karɓa wa zai tuƙa da aikin da za a yi, su haɗa kyautar da inshorar shekarar farko da ta dace da wannan aiki, su taimaka wa direban ya samu lasin. Ga iyalai kuma, yau da daddare a ɗauko takardar nan daga ƙarƙashin kujerar keke, a ba wani mai karatu ya duba abu uku: sunan kamfanin, ranar ƙarewarta, da irin aikin da ta yarda da shi. Idan abin da aka rubuta ya saɓa da abin da keken ke yi a hanyar Paki ko Likoro, a je a gyara tun abin hawan na tsaye da ƙafafunsa.

A nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mana hanya, ya saka wa masu kula da 'yan'uwansu da alheri.

(Kiɗan rufe shiri)