Sa'o'i Huɗu a Gombe Kafin Jirgi Ya Tashi

An rufe taro da addu'a ƙarfe ɗaya saura kwata, an ɗauki hoto a bakin zaure, an raba jakunkuna, kowa ya kama gabansa. Jirgin Abuja kuwa sai da yamma. Duk ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi Gombe ya san wannan giɓi na sa'o'i huɗu ko biyar da ba ya cikin jadawali, wanda yawancinmu kan ƙarar a falon otal, ido a kan waya, kunne a kan kiran maigida. Da haka sai mutum ya zo garin sau shida bai san komai a cikinsa ba illa hanyar filin jirgi da ɗanɗanon shayin otal. Abin takaicin shi ne, shi ɗin ne zai zauna ranar Litinin ya rubuta wa darakta bayani a kan zaizayar ƙasa ko farashin hatsi a jihar.

Akwai matafiyan da suka riga mu sanin maganin irin wannan gajeren zango. Manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido da ke zagaya Bahar Rum kan tsaya a tashoshi irin su Iskandariyya da Istanbul da safe, su saki fasinjoji cikin gari, su ɗaga kafin dare. Wanda ya fita yawo a kan gashin kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa. Sai ya cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Shi ya sa gogaggun cikinsu ba sa fara lissafi daga lokacin sauka. Daga lokacin tashi suke farawa, su yo baya. Kuma ba sa kwaɗayin ganin gari duka, abu guda suke zaɓa su gan shi da kyau. Gombe ba ta da teku, amma hadimin minista da ke riƙe da tikitin yamma fasinjan wannan jirgi ne sak.

To, a fara da lissafin. Filin jirgin yana Lawanti ne, a Ƙaramar Hukumar Akko, kan hanyar Bauchi, yamma da gari, kuma daga tsakiyar gari a ware masa aƙalla minti arba'in, don gudun cunkoso da shingen bincike. Idan jirgi na ƙarfe biyar da rabi ne, a bar gari ƙarfe uku da rabi. A cire lokacin sallar Azahar da na abinci. Abin da ya rage bai wuce sa'o'i biyu ba, kuma a cikinsu za a yanka riga. A kuma tuntuɓi kamfanin jirgin kafin a bar otal, domin lokacin tashi kan matsa baya, wani sa'in kuma ya matso gaba.

Da zarar baƙo ya ce yana son ganin wurin tarihi, masu masauki, saboda karamci, za su ambata masa Bormi da Gombe Abba da Tula. Ya yi godiya, ya ɗaga tafiyar zuwa wani jiƙon. Dalilin yana cikin tarihin garin kansa, domin Gombe gari ne da tarihinsa ya girme shi. Modibbo Buba Yero, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, amma ba a nan ya zauna ba. Cibiyarsa Gombe Abba ce, kusa da kogin Gongola a ƙasar Dukku ta yanzu, kuma can kabarinsa yake. Bayan zuwan Turawa aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan a 1919 aka sake ɗauko ta zuwa wani ƙauye mai suna Doma, wanda ya fi kusa da ƙasashen Tangale da Waja da ke kudu. Wannan Doma ita ce Gomben da muke sauka a yau. Ke nan masarauta ta haura shekara 200, garin kuwa bai daɗe da cika 100 ba.

Bormi ma, a ƙasar Funakaye take, can arewa wajen Bajoga da Ashaka. Nan ne hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta tsaya bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Nan aka gwabza ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan. Wuri irin wannan ba na leƙe ba ne. Zuwa da dawowa kaɗai za su cinye sa'o'in da ake da su, kuma ni a ganina rashin ladabi ne mutum ya tsaya a kan kabarin Attahiru yana duban agogo. Tula kuwa, da tsaunukanta da tsohon kurkukunta na zamanin Turawa, tana can kudu bayan Kaltungo. Duka ukun na mai kwana ne.

Abin da sa'o'i biyu za su iya ɗauka shi ne labarin yadda ƙauye ya zama babban birnin jiha, kuma ana karanta shi a wurare huɗu da ba su da nisa da juna.

Na farko ƙofar fada. Fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar na Uku, wanda ya gaji mahaifinsa a 2014, tana tsakiyar tsohon gari, ga Babban Masallaci mai sunan Buba Yero a kusa da ita. Wanda zai yi Azahar ya yi ta a nan, ya haɗa ibada da ziyara. Shiga gaban Sarki ba abin gaggawa ba ne. Ana neman izini tun da wuri ta hannun masu kula da fada, kuma katin shaidar ma'aikata ba ya maye gurbin wannan. Amma tsayuwar minti goma sha biyar a dandalin fada ta isa mutum ya lura da abin da babu: babu tsohuwar ganuwa mai ƙofofi irin ta Kano ko Zariya ko Katsina. Gari ne da aka kafa bayan zamanin yaƙe-yaƙe ya wuce, bai buƙaci katanga ba. A kasa kunne kuma. Hausa ce harshen titi da kasuwa, amma za a ji Fulatanci yana ratsa ta, za a ji Teranci da Bolanci da Tangale da Barbarci. Baƙon da ya iya ce wa dattijo “Jam na?” ya kuma rufe da “Mi yetti” zai ga yadda fuska ke sakewa. Idan Juma'a ce kuwa, a sauya tsari gaba ɗaya, domin hanyoyin da ke kewaye da fada kan cushe tun kafin huɗuba har bayan an idar.

Daga nan a gangara tashar jirgin ƙasa. Layin dogon da aka ja daga Kuru ya bi ta Bauchi ya iso Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. Kafin wannan, a shekarun 1950, auduga ta riga ta fara sauya ƙasar: an kafa injin gurzar auduga, har yau kuma akwai unguwar da ake kira BCGA, da sunan kamfanin Turawan Ingila da ke sayen audugar. Manoma sun yi ta kwararowa daga Kano da Borno da sauran wurare suna sharar daji a kudancin masarautar, abin da ya ja hankalin wata mai bincike 'yar Ingila, Mary Tiffen, ta rubuta littafi sukutum a kan ƙwazon manomin Gombe, aka buga shi a 1976. Yau tashar ta yi shiru, jiragen sun daɗe ba sa zirga-zirga yadda suka saba. Duk wanda ke aiki a ma'aikatar sufuri, ko ya taɓa sa hannu a takardar da ta ambaci farfaɗo da layin dogo na gabas, ya kamata ya tsaya a kan wannan dandamali ko da na minti biyar ne, ya ga abin da kalmar take nufi a ƙasa.

Inda na fi so a daɗe shi ne Tudun Hatsi, babbar kasuwar hatsi ta garin. Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ita kaɗai ce a Arewa maso Gabas da ta yi iyaka da sauran jihohin shiyyar biyar: Borno, Yobe, Adamawa, Taraba da Bauchi. A taswira wannan zance ne kawai. A Tudun Hatsi ake ganinsa da ido. Masara da wake da dawa da gero da riɗi da waken suya suna shigowa daga ƙauyuka a ƙananan motoci, su fita a tireloli zuwa kudu. Kada a shiga da tawaga, kada a shiga da jami'in tsaro a baya, domin da an ga haka farashi zai canza, baki kuma zai rufe. A shiga mutum biyu, a yi sallama, a zauna a bencin dillali. A tambaye shi nawa buhu yake yau, nawa yake bara war haka, nawa ake biyan ɗan dako, nawa ne la'ada, nawa direba ke kashewa a shingaye kafin ya kai Onitsha ko Legas. Rabin sa'a a nan kan warware abin da taron bita na kwana biyu ya dagula. In za a ɗauki hoto a nemi izini. Mutanen da suka ga tashin bama-bamai a kasuwa da tashoshin mota a 2014 da 2015 suna da hujjar yin tsaki idan baƙo ya ɗaga waya ba sallama.

Na huɗu ba ya cikin jerin wuraren da ake kai baƙi, amma ya fi kowanne shafar aikinmu. A ce wa direba ya tsaya a bakin kwari. Garin yana kwance ne a gangare, tudu a yamma, ƙasa kuma mai rairayi, saboda haka ruwan damina kan taho da ƙarfi ya tsaga unguwanni. Akwai kwarurrukan da suka fi gida zurfi, akwai gidajen da rabinsu ya rufta, akwai kuma inda aka yi aikin kankare aka tare ɓarnar, kamar wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A ga guda da aka gyara, a ga guda da ba a taɓa ba. Bayan haka, duk lokacin da fayil ɗin kuɗin kula da muhalli ya iso teburin mutum, ya san gidan wa ake magana.

Za a ce ina Dadin Kowa? Madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, wadda ke shayar da garin kuma take da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40, ba ta kai kilomita 40 daga gari ba, ga Dutsen Bima yana kallonta, dutsen da masu jiran Mahadi suka daɗe suna girmamawa. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tana gabas ne a hanyar Biu, filin jirgi kuma yana yamma, don haka kowane kilomita da aka yi zuwa can sai an biya shi sau biyu, sannan a ratsa gari. Wanda taronsa ya ƙare kafin sha biyu zai iya, da sharaɗin ya haƙura da sauran. Wanda ya fito ƙarfe ɗaya ya bar ta.

Saura ciki da tsaraba. A bar abincin otal yau ɗaya, a nemi masa da miyar taushe, ko fura da kindirmo, ƙasar Fulani ce. Tsaraba kuwa a sayi abin da ba ya zuba: kilishi, dakuwa, wake mudu biyu daga Tudun Hatsi. Na taɓa ganin abin da gorar nono ta yi wa rahoton kwamiti a cikin akwati, ba na fatan wani ya gani.

Ga hadimai akwai ƙarin sharaɗi, tunda lokacinsu ba nasu ba ne. A gaya wa maigida inda za a je da lokacin dawowa, a bar jakarsa da takardunsa a shirye cikin mota, a ajiye lambar direba da ta jami'in tsare-tsare, waya kuma a cike da caji. Mota ɗaya da direba ɗan gari ta fi sauƙi a kan tsalle daga Keke Napep zuwa acaɓa, kuma a yi ciniki da shi a kan dukan zagayen har Lawanti tun kafin a shiga. Sau da yawa ma, idan aka yi wa maigida tayin Tudun Hatsi da ladabi, “Ranka ya daɗe, minti talatin ne kawai,” sai ya ce a je tare, domin shi ma falon otal ɗin ya ishe shi.

Ƙarfe uku da rabi a kama hanyar Bauchi. Idan mota ta hau tudun Tumfure, a roƙi direba ya sassauta, a waiga baya: garin zai bayyana a kwance cikin kwarinsa, rufin kwano har gindin duwatsun gabas. La'asar kuma a yi ta a Lawanti, bayan an karɓi takardar shiga jirgi.