Tsohuwar Mota a Ƙasar Mafara: Cutar Ƙarfe da Cutar Takarda

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba matsalolin da mai sayen tsohuwar mota ke gamuwa da su a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Matsalolin nan iri biyu ne, watau na ƙarfen motar da kuma na takardunta. Jama'a sun fi kula da na farko, alhali kuwa na biyu ya fi kai mutum ga asara.

Asalin Motocin

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna, kuma samfurin 504, wanda jama'a ke kira Fijo, ya yi tashe ƙwarai. A tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori, aikin da ya ƙara zirga-zirgar motoci a wannan yanki. Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari mafi yawan ma'aikata da 'yan kasuwa, sai aka koma ga waɗanda aka riga aka mora a Turai, aka shigo da su ta Kwatano. Kafin irin wannan mota ta iso hannun manomin Bakura ko direban hayar Maradun, ta yiwu ta ratsa hannun mutum huɗu ko biyar.

Cutar Ƙarfe

Babbar cutar tsohuwar mota a nan ita ce zafin inji, musamman da bazara, lokacin da zafin rana kan wuce digiri 40. Sau da yawa dalilin bai wuce lagireton da ya toshe ba, domin ruwan rijiya da ake ɗura masa yana barin tsatsa da gurɓi a ciki. Wani lokaci kuma fambel ne ya saki. In direba ya ƙi tsayawa, sai gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Alamar haka ita ce baƙin man ya koma kamar kunu.

Hayaƙin salansa ma yana nuna ciwon mota. Farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi yana nufin ruwa na shiga inji. Mai shuɗi-shuɗi yana nufin ringi sun cinye, mota na shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuwa alama ce ta fetur ya fi iska yawa, kuma ƙurar hunturu da ke toshe matacin iska takan jawo haka. Har wa yau, man bumburutu da ake saye a bakin hanya yakan zo da datti, ya toshe kafireto ko nozul, mota ta riƙa shaƙewa a kan hawa.

Saboda haka mai hankali yakan je da bakanikensa, ya nemi a tayar da motar da sassafe tun injin na sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa.

Cutar Takarda

Duk abin da aka ambata a sama bakanike na iya gyarawa. Amma motar da takardunta ba su inganta ba, ana iya ƙwace ta gaba ɗaya a shingen hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kuɗin mai saye su bi ruwa. In ta tabbata ta sata ce, shi kansa sai ya amsa tuhumar karɓar kayan sata.

Takardun da ake bukata su ne na biyan kuɗin kwastan, da shaidar mallaka, da lasin mota, da inshora, da takardar lafiyar mota. Takardar kwastan ta ƙara nauyi tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, abin da ya sa wasu suka riƙa bi ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. Lalle ne mai saye ya gwada lambar shasi da ta inji da ke jikin ƙarfe da waɗanda ke rubuce. In an canja inji, to, a nemi rasidinsa.

Wani kuskure da ya yawaita shi ne dogara ga bakin dillali da sanayya, har a bar sunan mai motar na farko a takarda. In ya rasu, magadansa na iya tasowa, kuma in motar ta yi ɓarna, shi za a fara nema. Maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, sannan a canja sunan mallaka a ofishin lasin.

Kammalawa

Shari'ar Musulunci ta ba mai saye damar mayar da haja in aka ɓoye masa aibinta, amma sai da hujja alƙali ke hukunci. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Don haka, kafin a biya kuɗi ko a ba dillali la'adarsa, ya kamata bakanike ya duba ƙarfe, wanda ya san takarda kuma ya duba takarda.